Hantar tarwaɗa

Shekarar da aka kawo mana wata mata mai awon kifi, ni aka zaɓa in raka ta, don na yi aji uku, kuma a ƙauyenmu na gefen Wad Haddad aji uku kusan alƙali ne. Daktora ce daga birnin Madani, da akwatin ƙanƙara. Ta ce maganin da jirgi ke fesa wa auduga yana sauka cikin tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu, kifi ya sha, ita kuma za ta auna nawa ya taru a jikinsa. Na ce mu ma mun daɗe muna auna kifin nan, da haƙori. Ba ta yi dariya ba.

Ta nemi manyan tarwaɗa biyar. Na kamo su da safe na kai gida. Tsohuwata ta ce har abada ba za a miƙa wa baƙuwa kifi da ƙazantarsa daga gidanta ba. Ta feɗe su, ta wanke tas, har da lemun tsami. Na kai ina ƙafafa.

Daktora ta buɗa cikin ɗaya, ta buɗa na biyu. Ta tambayi ina hanta da kitsen, don can dafin ya fi zama, kuma babban kifi ya fi tara shi.

Na ce ai waɗannan ba a zubarwa. A wurinmu rabon mai ciki ne, don ɗa ya yi ƙwari. An riga an soya wa ɗiyata, cikinta wata bakwai.

"Tun yaushe take ci, ya Hajj?"

"Tun da aka san da cikin. Ni ke kamo mata."

Ta rufe akwatinta a hankali. Ta ce a daina ba ta. Na tambaye ta, wanda yarinyar ta riga ta ci fa, akwai abin da ke wanke shi? Ta ce ita kifi take aunawa, kuma ko shi sai an kai Madani, amsa sai bayan wata huɗu ko biyar.

Na lissafa da yatsu, ni mai aji uku. Jikana zai riga takarda zuwa.

Da na koma gida na tarar da ɗiyar tana suɗe kwano. Ta ce gobe in nemo mata babba. Na ce to.