Hadda a Kan Keken Ɗinki

Ina da shekara goma sha shida na sauke Alƙur'ani, kuma ranar da aka ci abincin saukar na ɗauka ni da allo mun yi sallama. Baba bai ɗauka haka ba. Shi alaramma ne, ya haddace, ya kuma rubuta da ka har sau biyu, kuma manyan mutane masu furfura ke zuwa zaurenmu na Fagge da hantsi su karanta yana saurare yana gyara musu. 'Ya'yansa maza mu biyu ne. Yayana ya bi boko ya zama akawu, yana ɗaura agogo yana duba shi ko ba wanda ya tambaye shi lokaci. Saura ni ke nan. Baba bai taɓa zaunar da ni ya ce a kaina ya ɗora burinsa ba, amma kowa a gidan ya san yana so ya ji ni na kai hadda ƙarshe kafin ya bar duniya.

Ni kuwa ɗinki nake so. Inna ce ta shige mini gaba, ta yi ta lallaɓa shi har ya yarda in koya a wurin wani tela mutumin ƙasar Ibo, mai shago a bakin kasuwar Sabon Gari, wanda ke ɗinka kakin ma'aikatan jirgin ƙasa da gajerun wandunan 'yan makaranta. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa: hadda ba za ta tsaya ba. Bayan sallar asuba in rubuta ƙari a allo, ya duba, in tafi da shi wurin aiki. Ranar da na ji ya zauna mini, in zo in biya masa da ka. In na kawo shi tsaf, ya ce in wanke in rubuta na gaba. In na kakare sau uku, allon ya koma yadda yake. Daga ƙasa muka faro, daga gajerun surori muna hawa sama, yadda aka saba.

Maigidana Kirista ne, gajere, mai saurin fushi da saurin hucewa. Hausarsa ta ishe shi ciniki da faɗa. Ranar da ya ga na jingine allo a ƙasa kusa da tarkacen ƙyalle, sai ya ɗauko ƙusa ya kafa a bango daidai idona, ya ɗaura mata igiya. Ya ce abin Allah ba ya zama a ƙasa, ko a cocinsu ma haka ne. Tun daga ranar, allona yana rataye a gabana, ƙafata tana kan feda, hannuna yana tura yadi, bakina yana karatu.

Shekara biyu abin yana tafiya. Sai da na wuce izu ashirin, wato kashi ɗaya cikin uku na littafin, na fara ganin abin da ban gane ba. A shago karatun zuba yake yi, ko da maƙwabcinmu mai gyaran agogo ya kunna garmaho, ko da masu amalanke suna zage-zage a bakin titi. In na zo gaban Baba, a zauren da ko ƙuda ya gifta sai ka ji, sai ya cije. In fara da kyau, in yi layi uku, in tsaya ina kallon rufin azara. Na zargi shaiɗan, na zargi ƙosan da nake ci a hanya, har na zargi Baba da cewa kwarjininsa ke tsorata ni.

Shi ya gano abin. Wata safiya ina biyawa, karatun yana tafiya sumul, sai na ji ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙafata ta dama ya danne. Ashe kaɗa ta nake yi, gaba da baya, ban sani ba. Yana danne ta karatun ya ɗauke. Ya saki, na ci gaba. Ya sake dannewa, na sake yin shiru. Ya ce in tanƙwashe ƙafa in zauna a kanta kamar mai tahiya, in faro daga farko. Ko aya biyu ban haɗa ba.

"Wannan ba a ƙirjinka yake ba," in ji shi. "A ƙafarka yake. Ranar da ka tsaya salla gaban jama'a, da keken za ka shiga masallaci?"

Allon nan wata huɗu bai ga ruwa ba. Tawadar ta koɗe, na bi ta na sabunta, ta sake koɗewa. Kowace safiya in zauna a kan ƙafata, in kakare sau uku, Baba ya miƙo mini allon ba tare da ya ɗaga murya ba. Da ma ya doke ni, da na fi jin sauƙi. Yayana kuma ya sami abin tsokana, in ya gan ni sai ya ce ga alaramma mai feda. Ni mutum ne mai zuciya, har gobe ban rabu da ita ba. Wata Asabar na fito daga zaure, na soke allon a bayan randar Inna, na tafi aiki hannu rabbana. Da na dawo na jira faɗa. Baba ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni aiki, ya ci gaba da jan carbi.

Kusan shekara guda muka yi haka. Ina gaishe shi, yana amsawa. Da hantsi in zan fita ina ratsa masu karatu a zaure, ina sunkuyar da kai. Na ƙware a ɗinki, na iya yanka, maigida ya fara bar mini shago in zai je cikin kasuwa sayen yadi. Ya tambaye ni sau ɗaya ina allon, na ce yana gida, ya kalli ƙusar ya kalle ni. Gaskiya ban ji daɗin shekarar nan ba. Kunya nake ji, kuma haushin kunyar nake ji, sai in sauke shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Baba ba ya shiga Sabon Gari. A wurinsu a lokacin, malami ba ya taka unguwar da ake sayar da giya a fili ana kiɗa da rana tsaka, in yana son allura ma aikawa yake yi. Shi ya sa ranar da na ɗago kai na gan shi tsaye a ƙofar shago, da sandarsa, da wata tsohuwar riga a kafaɗa, sai da allura ta kusa huda mini yatsa. Maigida ya tashi da rawar jiki ya share benci da hannun rigarsa. Baba ya zauna, ya miƙo mini rigar ya ce aljihunta ya yage. Yagar ba ta kai tsawon yatsa ba, Inna za ta ɗinke ta kafin ruwan koko ya tafasa. Na sa ta a keke, na ɗora ƙafa.

"Taka," ya ce. "Ka ɗauko daga inda ka tsaya."

Na so a ce karatun ya zubo ranar, in burge shi. Bai zubo ba. Shekara guda ba tilawa, rabin abin da na tara ya zube. Ina takawa ina lalube, shi kuma yana jefo mini kalmar da ta ɓace, da ƙarfi, don ƙarar keke da garmaho sun cika wurin. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba. Aljihun ya ɗinku tun tuni, ina ta taka keke a kan wani ƙyallen banza. Da ya tashi tafiya ya ce gobe in zo da allon.

Washegari ya dawo da hula mai warwararren baki. Rana ta uku ya zo da wandon yayana. Bayan mako guda yagaggun kaya sun ƙare a gidan, sai ya riƙa zuwa haka nan, bayan ya sallami masu karatu. Magana ta zaga Fagge cewa alaramma ya koma zaman shagon Ibo. Biyu daga cikin dattawan da ke zuwa zaurenmu suka daina zuwa. Inna ce ta gaya mini, ta ce kada in kuskura in nuna masa na sani. Wannan ya fi komai nauyi a kaina, kuma ina jin shi ya hana ni sake ajiye allon.

Ba cewa ya yi ya yarda da karatun ƙafa ba. Yaye ni ya zo yi, kuma a hankali ya yi shi. Da farko ya bar ni na dawo da abin da ya zube ina takawa. Bayan wata uku ya sa maigida ya cire igiyar fatar da ke juya keken, sai feda ta riƙa kaɗawa ba ƙara ba ɗinki, ina biyawa a haka na ɗan lokaci kafin a mayar in ci gaba da aiki. Maigida ya yi ta mita cewa an mayar masa da shago makaranta, amma shi ke cire igiyar da kansa da ya hango sandar Baba. Daga nan aka sauko da ni benci, ƙafata a ƙasa tana kaɗawa. Daga nan babban yatsa kawai. Ranar da na biya sumuni guda, wato kashi ɗaya cikin takwas na izu, a tsaye, hannuwana a sake, ba abin da ke motsi sai bakina, Baba ya ce madalla, ya tambayi maigida ko akwai ruwan sha. Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Shekara uku yana wannan zirga-zirga tsakanin Fagge da Sabon Gari, da rani da damina. Muna hawa, izu arba'in, izu hamsin. Akwai wuraren da ayoyi ke kama da juna, mutum ya fito daga wata sura ya faɗa wata bai sani ba. A irinsu Baba yakan buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya ya faɗi kalmar daidai, wani lokaci ya ƙara da cewa, kai dai, nan ma?

Saura izu uku ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, aka mai da shimfiɗarsa ɗakin Inna. Na ga inda abin ya nufa, kowa ma ya gani. Na roƙi maigida hutu, na zauna a gida ina cusa karatu, abin da nake yi a mako ina yi a kwana biyu. Izu ɗaya ya wuce lafiya. Da na kawo farkon na gaba, ina zaune a gefen tabarmarsa, na biya shi da sauri ban kakare ko sau ɗaya ba. Na jira ya ce in wanke.

Ya daɗe idonsa a rufe. Sannan ya ce in sake ɗauko wanda na biya masa shekaranjiya. Na fara, na yi tuntuɓe, na sake yi, na tsaya. Karatun ya riga ya gudu.

"Sauri kake yi don ni," ya ce.

"Baba, saura kaɗan. Ina so ku ji ƙarshensa."

"Na sani. Koma baya ka gyara wancan. Ba ni za ka riƙe wa shi ba."

Na fita tsakar gida na yi kuka, na fushi ba na tausayi ba. Shekara uku ya yi yana tako ƙasa saboda ranar nan, ga ta ina miƙa masa, ya ƙi karɓa. Da ya ce in wanke, wa zai sani? Amma na koma baya, don ban iya yi masa musu ba. Kwana tara muka yi a kan abin da na riga na wuce, yana gyara mini da muryar da sai na kai kunnena kusa nake ji. Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, saura izu biyu.

Wata bakwai bayan haka na ƙarasa su a gaban wani amininsa, dattijo mai haƙuri wanda ba ya cika magana. Ya yi mini addu'a, aka yi sadaka, maigida ya rufe shago ya zo ya zauna a ƙofar zaure har aka watse. Na daɗe ina jin haushin Baba a kan kwana taran nan. Sai da na girma na ga mutanen da suka haddace a gurguje suka wayi gari ba komai a hannunsu, sannan na daina.

Tun da daga ƙasa muka hau, izu biyun da ban ƙarasa a gabansa ba su ne na farkon littafin. Sauran hamsin da takwas ɗin, duk inda na taɓa kuskure akwai muryarsa a wurin, har yau ina jin ta kafin in iso kalmar. Shi ya sa duk lokacin da na ɗauko tilawa daga farko, izu biyun nan ni kaɗai nake bin su, ba mai ce mini komai. Sai na shiga na uku Baba yake fara gyara mini.