Baitin da Ya Ƙi Zama a Waƙar Kakana

Jikana ya dawo hutu daga makarantar birni da wani littafin Turanci da yake haddacewa a zaure. Ba na jin abin da yake faɗa, amma na ga yana karanta layi yana buga yatsa a gwiwa. Da na tambaye shi, ya ce darasin waƙa ne: sunayen sassanta, da dabarunta, da asalin kalmomin. Rabona da in ga an buga gwiwa haka tun ina yaro, kafin Turawa su shigo ƙasar Kano.

Ƙauyenmu yana arewa da birni, ba nisa da kogin Watari, inda gona take manne da gona, ba ka ganin daji sai ɗorawa da rimi da aka bari a tsakiyar shuka. Mutanen gidanmu daga Barno suka zo tun da daɗewa. Mahaifina manomi ne, da rani yana kai jakuna birni ya ɗebo taki. Kakana shi ne malamin garin, kuma an san shi da waƙar wa'azi. Ya yi karatu a gabas yana saurayi, wurin wani malami da ba ya ambatarsa sai da addu'a.

Shi ya koya mini abin da jikana yake koyo yanzu da wani harshe. Baiti, in ji shi, asalinsa gida ne a Larabci, ɗangwayensa biyu kamar ƙyaure biyu. Ƙafiya kuwa daga sunan ƙeya Larabawa suka samo ta, don ita ce mai zuwa a baya, kuma bai taɓa faɗin haka ba tare da ya ɗalle mini ƙeya ba. Kari a gwiwa yake buga shi. "In ka ji waƙa tana ɗingishi, aboki, kada ka zargi kunnenka," yakan ce. "Ƙafarta ce."

A shekarar da nake ba ka labari, idonsa ya yi rauni, hankalinsa kuma ya fara zamewa. Yakan ci tuwo ya tambayi yaushe za a kawo. Gida ya rufa wannan, waje ba wanda ya sani.

Da damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, Kaka ya ce sabuwar waƙa ta zo masa. Ya yi shekaru bai yi sabuwa ba, don haka kowa ya yi murna. Yana faɗa ina haddacewa, baiti na bin baiti kamar ruwa daga indararo. Tana kamanta ran ɗan Adam da mai kwale-kwale a tsakiyar babban tabki, mu da ba mu san ruwa ba sai Watari in ta kawo. Ban yi tunanin komai a kan haka ba.

Al'ada ce mai waƙa ya rufe da sunansa da na mahaifinsa, ya nemi addu'ar masu ji. A nan ya cije. Sunansa ya yi wa ɗangon yawa. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya ƙi zama.

"Kaka, tana ɗingishi," na ce.

"Kai ne gurgun. Ja muryarka a wurin, ba mai ji."

Ban taɓa jin ya yi wa ɗingishi uzuri ba sai ranar.

Mahaifina ya fi ni murya, amma ɗa ba ya kama sunan ubansa a bainar jama'a. Jika kuwa abokin wasa ne, bakinsa a sake yake. Shi ya sa rerawar ta faɗo kaina.

Bayan girbi aka yi walimar saukar karatu a gidan maƙwabcinmu. An shimfiɗa tabarmi a gindin rimi bayan la'asar, dammunan gero na jingine da danga, ƙamshin sabuwar gumba ya cika wurin. Liman ya sanar cewa Malam ya yi sabuwar waƙa. Cikin baƙi akwai wani tsohon malami daga wajen Bici, wanda shi ma ya yi karatu a gabas.

Na fara. Ban yi nisa ba na ji wata murya a ƙarƙashin tawa. Baƙon ne, idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa, kuma yana riga ni da kalma. Ba da mugunta ya yi ba, bai ma ji sanarwar liman ba. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, da irin muryar mai raunin ji, "Allah ya jiƙan malaminmu. Ban zaci zan sake jin waƙarsa a ƙasar nan ba."

Kawuna suka sunkuya. Mahaifina ya ɗauki kara yana zane a ƙasa. Na ci gaba, don tsayawa ta fi muni, amma kowane baiti na gama, sunan yana ƙara matsowa. Da na iso bakin baitin ƙarshe, na yi shiru.

"Ƙarasa mana, aboki," Kaka ya ce.

Baƙon ya gane a lokacin, ya ja bakin rawani ya rufe bakinsa. Ni kuwa yatsan Kaka nake kallo. Ya fara buga gwiwa a hankali, kamar mai laluben hanya. Sai ya buɗe baki ya rera wani baiti da ban taɓa ji ba, da sunan malaminsa a ciki. Sunan ya zauna daram, ba ɗingishi.

"Haka take," ya ce. Ya nemi sandarsa. Liman ya yi saurin shafa fatiha.

Muka biyo ta gonar da aka girbe, ina riƙe da bakin sandar. Sai da muka kusa gida Kaka ya ce, "Wallahi daga cikina na ji tana fitowa." Na ja sandar muka shige zaure. Na daɗe ban fita dandali ba. Ba wanda ya taɓa tayar da maganar a garin, gaisuwa ma sai ta ƙaru, kuma wannan ladabin ya fi zagi nauyi. Kaka bai sake rera komai ba har ya rasu da damina ta zagayo.

Yau ana buga waƙa da sunan mai ita a bangon littafi, rediyo ma sai ya faɗi sunan kafin a ji muryar. Jikana ya nuna mini kalmar da littafinsa ya ba wanda ya ɗauki waƙar wani ya ce tasa ce. Asalinta, in ji shi, satar mutum take nufi. Ya ce yaya ake faɗinta da Hausa. Na san satar mutum, a yarintata ita ce ke hana uwaye sakin 'ya'yansu gona su kaɗai. Na ce ya tambayi malaminsu.

Waƙar tana nan a kaina, da baitin ƙarshe guda biyu. In ina ni kaɗai na rera ta, da na malamin nake rufewa, don shi ne gaskiya. Sannan in ƙara na kakana ƙasa-ƙasa, in ja murya a wurin da ya ce in ja.