Allurar Shanu a Tsibirin Kufai

Cikin ranakun aikina na malamin dabbobi, akwai wadda har yau ba ta fita raina ba: ranar da na yi wa shanu allura ina tsaye cikin ruwa. Shekarun rigakafin bushiya ne, cutar nan mai kashe shanu, bayan samun 'yanci, ina ƙaramin ma'aikaci a Keffi. Ƙa'idar aikin ita ce, duk saniyar da aka yi wa allura sai a ɗan tsaga kunnenta, don a san an yi mata.

Maigidana ya tura ni wani tafki can bayan Gitata. A tsakiyarsa akwai tsibiri mai kukoki da ragowar ganuwa, inda Arɗo Buba yake kai garkensa da rani saboda ciyawar wurin ba ta bushewa. Wani dattijon Gwandara, wanda ake kira Sarkin Tafki, shi ya tsallaka da ni a kwalekwale. A hanya ya ba ni labari cewa kakanninsu nan suka fake zamanin yaƙi, nan aka binne su. Ya nuna mini duwatsun niƙansu da wata tsohuwar rijiya.

Da na fito da abin tsaga kunne, sai ya dafa hannuna.

"Malam, tun kakanni ba a zubar da jini a ƙasar nan, ko na kaza."

Na ce wa Arɗo to a mayar da shanun gaɓa. Ya ƙi, ya ce cutar ta riga ta ɓulla a garkunan can, ba zai kai maruƙansa cikinta ba. Gaskiyarsa ce. Ga ƙanƙarar da ke riƙe maganin tana narkewa, in ta ƙare maganin ya lalace. In kuma ban tsaga kunne ba, a wurin gwamnati ban yi aiki ba.

Muka zauna ƙarƙashin kuka. Can na tambayi dattijon inda ƙasar kakanni ta tsaya. Ya dubi tafkin.

"Inda ruwa ya fara," in ji shi. "Ruwa na kowa ne."

Arɗo ya yi murmushi, ya kira shanunsa da sunayensu, suka gangaro. Muka yi aikin ruwa na kai mana gwiwa: shi yana riƙe ƙaho, ni ina allura ina tsaga kunne, dattijon da kansa yana riƙe mini akwatin magani a ka. Kafin la'asar mun gama. Garken nan bai rasa ko maraƙi ba a shekarar.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: duk inda aka tura ku, akwai dokar da ta riga ta gwamnati isa wurin. Ku tambayi masu ita iyakarta kafin ku buɗe akwati. Sau da yawa su za su riƙe muku shi.