Kaset ɗin Kawu Haladu a Cikin Wake

Duk wanda ya san Kawu Haladu na Durba ya san ba a taɓa masa kaset. Ka ci tuwonsa, ka ari kekensa, ba komai. Amma ka miƙa hannu ga baƙin kaset ɗin bidiyon nan da yake naɗewa a tsohon rawani, sai ka ji, "Kul! Hannunka da gumi!" Bidiyon sunan autansa ne, wani mai kyamara daga Kano ya ɗauka. Nan ne kaɗai fuskar matarsa, Iya Asabe, ta rage a duniya bayan rasuwarta, don ko hoton kati ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Kuma fa bai yarda a kunna shi. In ka matsa, sai ya ce, "Ba ka ga yadda hoton kalanda ke koɗewa ba? Ido ne ke cinye shi. Kowane kallo rage ta yake."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani ya kwaso masa labari a kasuwar Kibiya wai ana bi gida-gida ana ƙwace kaset-kaset. Liman da kansa ya tako ya ce, "Malam Haladu, na gidajen kallo ake magana, ba na suna ba."

"Allah gafarta Malam, ai sai sun kunna za su gane na suna ne. Ƙatti su zauna su kalli matata? A'a!"

Ranar ya tura kaset ɗin cikin tulun wake, ya barbaɗe da toka da barkono, ya liƙe bakin da laka. Wai abin da ya hana ƙwaro cin wake zai hana shi cin Asabe. Duk ƙarshen damina kuma sai ya fito da shi ya shanya a rana tare da waken, kada ya yi fumfuna. Mu dai dariya muke, wallahi ba wanda ya san ɓarnar da ake yi.

Ni Lawan, ɗan ƙanwarsa, ni na jawo wa kaina. Na ji an ce kaset mutuwa yake ko ba a taɓa shi ba, kuma akwai mai shago a Rano da ke juye shi zuwa kwamfuta, ya sa maka a waya. Wata uku ina lallashi. Ranar da ya yarda, ya dube ni ya ce, "Lawan, in wani abu ya same ta, kada in ga ƙafarka a jana'izata." Ba wasa a fuskarsa. Muka kama hanyar Rano.

Mai shagon na warware rawanin ya yi atishawa uku. "Baba, kaset ne wannan ko yaji?" Ya ɗaga murfin ya leƙa zaren, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Rana ta gasa shi. Sau ɗaya zai bi ta cikin na'ura, in ma ya bi. In ya tsinke kafin a zo kan matar da kuka ce kuna nema, shi ke nan."

Na ce, "Kawu, mu koma gida."

Ya ce, "In mun koma ma tana can tana ƙarewa, ko? Saka, bismillah."

Ya damƙe mini wuyan hannu. Hoto ya fito dishi-dishi, sai ga rago. Mai kyamarar nan, Allah Ya shirye shi, ya tsaya kan ragon suna kamar shi aka haifa! Na'ura tana ƙiii, ƙiii. Ga maza kan tabarmi suna raba goro, Kawu yana cewa, "Ku wuce, ba ku nake nema ba!" Ni kuwa Hasbunallahu kawai nake ja.

Sai ga ta. Ta fito daga madafa da ƙwarya a hannu, tana jan mayafi tana dariya. "Haladu, ka ce wa mutumin nan ya kawar da abin nan daga kaina! Kai ma tun safe ko karyawa ba ka yi ba, sai surutu."

Tas! Zaren ya tsinke.

Mai shagon ya danna kwamfuta a hankali, sai ga ta kuma ta fito da ƙwaryarta; ashe kwamfutar ta riga ta naɗe.

Kawu ya sake ni. "Ta kuma fitowa?"

"Ko sau dubu kake so, Baba. Ba ta raguwa."

Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Ya ce, "Tun da ta tafi ba wanda ya tambaye ni ko na karya. Maimaita."

Bara shi ma ya rasu, ya bi ta. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya haɗa shi da Iya Asabe a Aljanna, ya gan ta ido da ido ba tare da fargaba ba. Amin.