Kwarin da Orysia Ta Ɓoye

A ƙasar da babu tsaunin da zai tare wa mutum ido, inda ake hango hadari tun yana zuba a gundumar wasu, ɓoye abu sai mai dabara. Orysia Kozoriz ta ɓoye kwari sukutum, har tsufa ya cim mata ba wanda ya ji inda yake daga bakinta.

A gona aka haife ta, arewa da garin Yorkton a lardin Saskatchewan, a gidan da ake yin Yukreniyanci a kan teburin abinci, a ajiye Turanci sai an shiga gari. Ta auri Metro tana da sauran ƙuruciya. Shi ya yi ta noman alkama, ita ta ja motar 'yan makaranta, doguwar bas mai launin rawaya, har yaran da ta fara ɗauka suka zama su ke miƙo mata nasu 'ya'yan a bakin hanya. Ba ta da yawan magana. In ta ɗaga ido ta kalli madubin gaba, bas ɗin kan yi tsit har kujerar ƙarshe. Mutanen garin sun san ta da wannan kallo, sun kuma san ta da saskatun, ƙananan 'ya'yan itacen dajin yankin.

Duk shekara in Yuli ya raba, kanola ta yi fure gonaki suka koma rawaya har inda ƙasa ta haɗu da sama, iyalin Kozoriz kan loda mota su nufi gandun shaƙatawa na lardi da ke bakin tafki. A kafa tanti, yara su faɗa ruwa, maza su kewaye murhu suna gardamar wanda ya fi iya hura wuta. Ita kuwa Orysia, da hantsi sai ta ɗaura tsohon bel ɗin Metro a ƙugu, ta rataya bokitin ayis kirim a jikinsa, ta bi ta bayan tantuna ta ɓace. Kafin rana ta take za ta dawo da bokiti cike da 'ya'yan saskatun, manya, baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi, irin waɗanda ba a samu a bakin titi. Da su ake cika ƙullin fulawar da ake kira pirohi, da su ake yin kek ɗin Kirsimeti, da su ake kai gaisuwar mara lafiya.

A wannan yanki ba a tambayar mace inda take tsinka. In an tambaya ba ta faɗa, kuma ba wanda zai ji haushi. Matar da za ta kwashe rabin firjinta ta kai maka ranar da ka yi rashi, in ka ce, "Ina kika samo waɗannan?" sai ta ɗaga haɓa ta nuna rabin Saskatchewan ta ce, "Can." Orysia a hannun uwarta ta gaji kwarin. Metro ya sani, don shi ke ɗauko bokitai, kuma ya tafi kabari bakinsa a rufe.

Sai ga hunturun bana. Ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar coci, ƙugu ya karye, aka yi tiyata. Da bazara ta miƙe da sanda, likita ya ce ta riƙa bin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kawai. Amma tun ranar take kwana tana tashi da tunani guda: in ba ta sauka kwarin bana ba, ba za ta ƙara sauka ba, kuma in ta mutu haka, wurin da uwarta ta ba ta zai koma na tsuntsaye da barewa, kamar ba a taɓa yin su ba.

Ranar da suka isa gandun, ɗanta Myron ya buɗe mata kujerar zane a inuwa, ya sa mata matashi, ya miƙa mata shayi, ya tsaya yana kallon aikinsa.

"Yauwa, Mama. Bana ke sarauniya ce. Ki zauna, mu yi miki bauta."

"Sarauniya ko kayan da aka ajiye?"

"Haba Mama. Ki faɗa mini wurin kawai, in tafi in ciko miki bokiti uku kafin naman nan ya gasu."

"Kai? Kai da in ka sayi sabon takalmi sai duk masu shan kofi a gidan mai sun san lambar ƙafarka? In na faɗa maka yau, jibi za a kafa allo a bakin hanya."

Myron ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya koma wajen kubasarsa, naman da aka ɗura a hanji, da ke tsuwa a kan wuta. Ya san gaskiya ta faɗa. Kayan gyaran tarakta yake sayarwa, kuma bakinsa ne jarinsa.

Orysia ta zauna tana kallon tafki. Kwasakwasa na shawagi can sama, farare, ba sa ko kaɗa fiffike. Jikokinta biyu na ihu a cikin ruwa. Iska na tahowa daga yamma ɗauke da ƙanshin ciyawar da rana ta gasa, ƙanshin da ke gaya mata saskatun ya nuna, yau ko gobe, kafin tsuntsaye su gama da shi. A ƙarshen teburi surukarta Marivic na juya taliyar pansit a babbar tukunya.

Marivic daga Filifin ta zo, ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi na garin, can Myron ya gan ta ya rikice. Orysia ba ta taɓa gaya mata baƙar magana ba, ba ta kuma taɓa sakin jiki da ita ba. Tsakaninsu akwai ladabi irin na maƙwabta masu shinge: gaisuwa, musayar kwano, kowa ya koma gidansa. Amma abu guda Orysia ta lura da shi a shekarun nan. Marivic na wanke tsofaffin garin nan kaf, ta san wanda ke kuka da wanda ya manta sunan matarsa, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba.

"Ke, 'yar nan. Ajiye cokalin nan ki zo."

Marivic ta goge hannu ta matso. "Ƙugun ne, Mama?"

"Ba ƙugu ba ne. Sunkuyo. Kada ki kalli mijinki." Ta rage murya. "Zan faɗa sau ɗaya. Ki bi ta bayan banɗakuna, ki miƙe har shingen gonar Wasyliw. In kin kai inda motar Metro ta kafe a laka, ki yi hagu. Za ki ga bishiyar da aradu ta raba biyu..."

"Mama."

"Kada ki katse ni."

"Mama, shingen Wasyliw ai an cire shi tun kafin in zo ƙasar nan. Myron ya ce yana firamare aka cire."

"To ai ramin turakun na nan."

"Motar fa? Tana nan a kafe?"

Haka mutanen Orysia ke kwatance tun fil azal: ka juya inda rumbun hatsi yake a da, ka wuce inda makaranta ta ƙone. Yau ne kawai ta ji yadda abin yake a kunnen wanda bai ga rumbun ba. Duk hanyar da take ɗauke da ita a ka, da matattun abubuwa aka shimfiɗa ta. Ta juya fuska wajen tafki.

Marivic ta je bayan mota ta jawo ƙaramin amalanken zane mai naɗewa, wanda suke ɗibar itace da kayan sanyi da shi. Ta zazzage ɓawon itace, ta shimfiɗa bargo.

"Shiga."

"Ni? A cikin abin ɗaukar kankana?"

"Na ɗaga maza da suka ninka ki biyu, Mama. Shiga, ko in koma kan taliyata."

Myron ya juyo da cokali mai yatsu a hannu, ya ga uwarsa zaune cikin amalanke, gwiwoyi a sama, sanda a gicciye, bokiti a cinya.

"Kai! Ina za a kai sarauniya?"

"Zagaya," in ji Marivic. "Ka kula da yaran nan, kuma kada ka ƙona naman kamar bara."

"Bara iska ce!"

"Kullum iska ce," in ji Orysia.

Suka bi ta bayan banɗakuna. Hanyar ta fara da tsakuwa, ta koma ciyawa, ta koma sawun barewa. Amalanke na tangaɗi, kowane dutse sai ya gaisa da ƙugun Orysia, ita kuwa ta cije. Kurege ya miƙe a bakin raminsa yana kallonsu. Fara na tashi gabansu kamar ana watsa tsaba.

Sai dai wani abu ya faru da ba ta zata ba. Duk rayuwarta a tsaye take bin hanyar nan, idonta sama da ciyawa, tana hango bakin kwari tun daga nesa. Yanzu tana zaune dab da ƙasa, ciyawa ta fi ta tsawo, ba ta ganin komai sai kara da sama da bayan rigar Marivic. Bishiyar da aradu ta raba ta faɗi ko ta ruɓe, ba ta gan ta ba. Suka iso inda sawun ya rabu biyu, duka biyun iri ɗaya. Ta ɗaga sanda za ta nuna, hannun ya tsaya a iska. Ba ta sani ba. Ta zo da magajiya har bakin gado, ta manta ƙofar.

Marivic ba ta tsaya ba. Ta karkata hagu, ta kewaye wata ƙayar fure, ta juya amalanken ta riƙe shi ta baya don kada ya sulale, ta fara sauka a hankali ta wani ɗan lungu tsakanin itatuwa, daidai inda Orysia kan dafa reshe duk shekara.

"Tsaya."

Marivic ta tsaya.

"Ban ce ki yi hagu ba."

"Ba ki ce ba."

"Wa ya nuna miki?"

Marivic ta share gumi da bayan hannu. Ba ta kalle ta ba. "Shekarar da Baba Metro ya rasu, kika tafi ke kaɗai. Mama, ni na san yadda tsoho ke faɗuwa, kullum ina gani. Na ce in kika faɗi a nan, wa zai sani? Sai na bi ki. Ina zama bayan wancan dutsen har ki gama, in riga ki komawa."

"Duk shekara?"

"Duk shekara. Sauro ya sha jinina a wurin nan, ba kaɗan ba."

"Kika tsinka?"

"Ko ɗaya. Wurinki ne."

"Myron fa?"

"Myron yana tsammanin ciwon ciki ke kama ni duk Yuli."

Orysia ta yi mata kallon nan na madubin bas, wanda ya sa ƙattin samari yin tsit. Marivic ta jure. Can sai kafaɗun tsohuwar suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta yi ba tun kafin ƙanƙarar ƙofar coci, har ta dafe ƙugu tana cewa wayyo.

"Munafuka," ta ce, tana share ido da gefen ɗankwali. "Shekara da shekaru kina zaune kina kallon ɗuwawuna a cikin daji."

"Ba abin kallo ba ne sosai, Mama."

"Ja mu tafi, mara kunya."

Kwarin na nan yadda ta bar shi. Iska ba ta sauka can, sai sanyin inuwa da ƙarar wani ɗan ruwa da ba a gani. Rassan saskatun sun sunkuyo saboda nauyi, baƙi a kan kore, wasu har sun fara tsagewa don zaƙi. Marivic ta tura amalanken ƙarƙashin wani reshe mai ƙasa-ƙasa, ta tokare tayar da dutse. Orysia ta miƙa hannu ta shafa ganyen kamar mai gaida dangi. Ta ciri guda ta sa a baki, ta rufe ido.

Da ta buɗe, Marivic na tsaye gefe, hannuwa a baya, kamar baƙuwa a falon mutane.

"Me kike jira? Ɗauki bokitin. A'a, ba haka ba, ba ɗaya-ɗaya ake yi ba, sai ki kwana a nan. Jawo reshen da hagu, a hankali, kada ki karya. Ki sa bokitin a ƙasa, ki tatsa da babban yatsa. Wanda ya nuna zai faɗo da kansa, jan ki bar shi. Na can sama kuma na tsuntsaye ne, uwata ba ta taɓa su."

'Ya'yan farko suka faɗa gindin bokiti, ƙwas, ƙwas, sannan sautin ya yi laushi da suka fara hawa kan juna. Marivic ta jefa guda a baki, ta tauna, ta tsaya.

"Ashe haka suke a kan itace."

"Da me kike tsammani? Ci, ki ƙoshi tukun, sannan ki cika." Orysia ta jawo nata reshen da mariƙin sanda. "Baɗi ki zo da 'yarki. Ta fi ubanta riƙe baki."

"Ke fa?"

"Ni ai ina cikin amalanke. Ku biyu za ku ja, hawan nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Marivic ta ɗaga kai ta dubi gangaren da suka sauko, ta dubi tsohuwar da za ta mayar sama, da bokitin da ke ƙara nauyi.

"Mama, to bana wa zai taya ni?"

"Ki yi ta tsinka," in ji Orysia, bakinta ya riga ya yi shuɗi. "In mun gama ma yi wannan tunanin."