Ƙararrawar da Ta Kama Mai Motar

Dattijon yana tsugune a ƙofar motata a gefen kasuwa, tabaraunsa ɗaure da jar waya, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ban san shi ba. Wucewa yake yi da jakar kayan aikinsa, ya gan ni ina ƙwanƙwasa kan batir da sufana, Inna kuma tana kujerar baya riƙe da katin asibiti, lokacin ganin likita yana ƙurewa.

"Murɗa makulli, ɗana," in ji shi.

Na murɗa. Fitilu sun kawo, inji ko tari bai yi ba. Shi kuwa idonsa a rufe, kunnensa a ƙarƙashin sitiyari, kamar mai sauraron ƙirjin jariri. Ina jin a gida yana da 'ya'ya masu taurin kai irina, don haƙurin nan ba a banza ake samun sa ba.

"Batir lafiya lau. Ƙararrawar hana sata ce ta yanke wutar tayar da inji. Wa ya haɗa maka?"

"Ni da kaina, Baba. Bidiyo na kalla."

"Ina ka sa maɓallin sakinta?"

Na ɓoye shi inda ɓarawo ba zai taɓa gani ba, har ni ma na manta wurin.

Yana lalube da yatsa ɗaya, ko minti guda bai cika ba ya same shi bayan akwatin fiyus. Mota ta tashi.

Inna ta leƙo. "Malam, abin nan yana kama ɓarayi kuwa?"

"Yau dai ya kama mutum ɗaya, Hajiya."