Ƙofofi Biyar a Takarda

A shekarun da mutanen Zariya suka gaji da fita kallon jirgin ƙasa, ni ina aiki a ofishin masu awon ƙasa. Aikina fiƙe fensir da riƙe sanda mai lamba a rana. Akwai wani dattijo mai zanen taswira a ofishin, Bazazzagi ne Kirista, wanda ya lura ina cinye masa guntayen takardu da zanen gidaje. Gidajen nawa kuwa duk girmansu ɗaya, na kusa da na nesa, kamar an jera fayafayai a tabarma.

Wata rana ya kai ni bakin titin jirgi, ya ce in duba can ƙarshe. Na duba, na ga ƙarafan biyu sun haɗe.

Ya ce, "To, da gaske sun haɗe?"

Na ce, "A'a, Malam, ai da jirgi bai wuce ba."

Ya ce, "Abin da ka sani daban, abin da idonka ya gani daban. Na idon za ka zana."

Ya koya mini in ja layi a kwance daidai tsayin idona, in ɗiga ɗigo a kansa, duk layin da ya nufi nesa in kai shi ga ɗigon. Wata biyu ina fama kafin hannuna ya faɗa. Daga nan kaina ya kumbura, ina yawo a Tudun Wada ina ganin kowa makaho ne in ban da ni.

Baba magini ne, na ƙasa da azara. Bai taɓa riƙe takarda ba. Igiya yake ja, ya shata gida da ƙafarsa a ƙasa, mai gida ya ce ya gani. Amma tun da aka fara yi wa Turawa gini da takarda, attajirai ma suka ce sai da takarda. Wannan shekarar rani ya raba tsakiya Baba bai kwaɓa ƙasa ko sau ɗaya ba, Inna kuma ta fara rage awon tuwo ba ta gaya wa kowa ba.

Sai wani attajirin goro ya aiko. Ɗakuna biyar yake so a jere a bakin hanyar kasuwa, uku nasa, biyu na ƙanensa, don tare suka sami filin. Ya ji ɗan magini ya iya zanen Turawa, ya ce a zo da takarda. Kowa a unguwar ya san wan da ƙanen ba su yarda da juna ba. Ni ma na sani, amma ban kawo shi cikin lissafina ba.

Kwana uku na yi a kan zanen. Na tsayar da mai kallo a kusurwar gabas, ƙofar farko babba, sauran suna raguwa har ta biyar. Ya yi kyau, har yanzu ba zan fasa faɗa ba. Baba ya juya takardar, ya ce, "Haka ake yi?" Na ce haka ake yi. Ya naɗe igiyarsa.

Da hantsi muka sami attajirin a zaurensa, da ƙanen, da dattawa uku na unguwa. Na shimfiɗa takardar ina jiran yabo. Ƙanen ya sunkuya ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ina nawa?"

Na nuna masa biyun ƙarshe.

Ya ciro tsinke daga tabarma, ya auna ƙofar farko, ya karya shi daidai tsayinta, ya ɗora a kan ta biyar. Ko rabin tsinken ba ta kai ba. Ya ɗago ya dubi wansa, ya dubi Baba.

"Ashe haka kuka shirya. Ku soraye, ni akurkin kaji."

Attajirin ya ce wallahi yau ya fara ganin takardar. Ni na yi tsalle na shiga maganar manya, na ce duk girmansu ɗaya, nisa ne ya rage su, haka ido yake gani.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Yaro, wane nisa a takarda? Ga ta nan duka ba ta fi tafin hannu biyu ba."

Ƙanen ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce shi ba ya zargin yaro, yaro abin da aka sa shi ya yi, amma maginin da zai rage wa mutum ɗaki tun a takarda ba zai taɓa masa fili ba, kuma zai gaya wa duk mai niyyar gini. Aikin nan kaɗai na zo tsoron rasawa, sai ga sunan Baba na shekara talatin ya bi sahu.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, zauna don Allah. Ba shiri ba ne. Hannun yaron ne bai nuna ba, ya fara da girma, takarda ta ƙare masa." Sa'an nan ya juyo gare ni. "Ba su haƙuri."

Na dube shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don abu ɗaya da na iya a duniya shi aka ce in kira kuskure. Duk zauren ana jirana. Sai na dubi igiyar da ke hannun Baba, na tuna da awon tuwon Inna.

Na durƙusa na ce, "Kuskurena ne, a yi haƙuri."

Ƙanen ya ce in gyara a gabansa. Na juya bayan takardar, na ja ɗakuna biyar a shimfiɗe, ƙofofi biyar kai ɗaya. Ya bi su da tsinke ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Yauwa. Ka ga da ka natsu ka iya." Dattawa suka sa albarka, aka ce Baba ya fara ranar Asabar.

A hanya ina bayan Baba. Sai da muka kusa gida ya rage tafiya, bai waiwayo ba.

Ya ce, "Gaya mini tsakaninka da Allah. Zanen farkon, daidai yake?"

Na ce, "Daidai yake, Baba."

Muka yi taku kamar goma.

Ya ce, "To ka yafe mini."